Tashi a rijiyar iska ta fili: daidai yake da dirowa daga jirgin sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba ni kyautar tikitin shiga irin injin nan da ke hura iska sama har mutum ya riƙa shawagi kamar wanda ya diro daga jirgi. Na fili ne, babu gilashi a kewaye da shi. Shekaruna 38, nauyina kilo 92, kuma ina da tsoron bisa. Da gaske daidai yake da dirowa daga jirgi? Idan iskar ta watsar da ni gefe fa? Af, kafaɗata ta hagu ta taɓa gocewa a wajen ƙwallo shekara shida da suka wuce, amma ta warke.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na yi shekaru ina koyar da sababbin shiga a irin wannan wuri, na fili da na rufe, kuma ina dirowa daga jirgi da laima, saboda haka zan gaya maka abin da na gani da idona. Amma da maganar da ka ajiye a ƙarshe zan fara, wadda ka sa mata "af", domin ta fi duk sauran nauyi.

Kada ka shiga iskar nan sai likitan ƙashi ya duba kafaɗarka, kuma sai ka faɗa wa masu wurin gaskiya cewa ta taɓa gocewa. Wurare da dama ba za su bar ka ka tashi ba ko da ka zo da takardar likita, kuma ina ganin suna da hujja. Ga dalili. Yadda ake kwanciya a kan iska shi ne rub da ciki, hannuwa a ware, gwiwar hannu a lanƙwashe, tafukan hannu suna kallon ƙasa a daidai tsayin fuska. Iskar kuma tana tura hannuwan sama da baya ba ƙaƙƙautawa. To, wannan matsayi, hannu a ɗage gefe kuma a murɗe baya, shi ne ainihin matsayin da ƙashin dantse yake fin sauƙin zamewa daga gurbinsa ta gaba, kuma yawancin gocewar kafaɗa ta gaba ce. Kafaɗar da ta taɓa gocewa sau ɗaya, jijiyoyin da ke riƙe da ita sukan saki, ko da mutum ya daina jin ciwo. Warkewar da kake ji a harkokinka na yau da kullum ba ita ce jarrabawar da iskar za ta yi maka ba.

Na taɓa samun wani saurayi ƙaƙƙarfa da ya sa hannu a takardar lafiya cewa ba shi da komai. Bai yi rabin minti a cikin iska ba na ga hannunsa na dama ya yi baya fiye da ƙima, fuskarsa ta sauya a bayan tabarau, ya fara juyawa gefe guda. Na cafke shi ta maɗaurin rigarsa, na yi wa mai kula da injin alama ya rage. Da muka zaunar da shi a kan katifa yana riƙe da gwiwar hannunsa, gumi yana tsiyaya, sai ya ce ai ta taɓa yi masa haka sau biyu, tsoro ya ji kada a hana shi. Har yau idan na ga mutum yana saurin sa hannu a takardar nan ba tare da ya karanta ba, sai in tsayar da shi in tambaye shi baki da baki. Irin wannan tambayar ta shafi mai ciwon baya ko wuya, mai ciwon zuciya, mace mai ciki, da wanda aka ɗora wa karaya bai daɗe ba.

Yanzu mu ɗauka likita ya duba ya amince, masu wurin ma sun amince. Me za ka tarar?

Abin da muke kira rijiyar iska ba wani sihiri ba ne. Farfela ce babba, ko fankoki da yawa, a ƙarƙashin raga ta ƙarfe, suna tura iska sama da gudun da ya yi daidai da wanda mutum yake kaiwa idan yana faɗowa daga sama. Wanda ya diro daga jirgi ba ya ci gaba da ƙara gudu har abada. Cikin kamar sakan 12 yakan kai inda turin da iska ke yi masa daga ƙasa ya yi daidai da nauyinsa, sai gudun ya tsaya a nan, wajen kilomita 190 zuwa 200 a awa ga matsakaicin mutum da ya kwanta rub da ciki. A rijiyar iska an juya lissafin ne kawai: kai kana wuri guda, iskar ce take wucewa ta jikinka da wannan gudun. Fatarka da gaɓoɓinka ba su da hanyar bambance su biyun. Saboda haka idan tambayarka ita ce ko iskar iri ɗaya ce, eh, iri ɗaya ce, har kumatunka za su riƙa kaɗawa yadda na mai dirowa ke yi.

Ka taɓa fitar da tafin hannunka ta tagar mota tana gudu? Idan ka shimfiɗa shi iska ta tura shi baya, idan ka karkata shi ya yi sama ko ƙasa. Ilimin ke nan gaba ɗaya, sai dai a nan jikinka duka ne tafin hannun. Kuma ƙarfin turin ba ya ƙaruwa daidai wa daida da gudu: in gudun iska ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu, wutar da injin zai ci kuwa ta ninka takwas. Ka ɗauki rijiya mai faɗin mita 4, iska tana gudun mita 55 a sakan. Sama da kilo 800 na iska ke nan ake ɗagawa sama a kowane sakan guda, aikin da ya haura megawat ɗaya. Wannan ne ya sa ake sayar da lokacin tashi da minti, ba da awa ba. In minti biyu ka ga an rubuta a tikitinka, kada ka raina su. Wanda ya diro daga tsayin mita 4,000 bai fi ya samu kamar minti ɗaya yana faɗowa ba kafin ya buɗe laima. Minti biyunka dira biyu ce, kuma za ka fito kana haki.

Abin ya samo asali ne daga gwajin jirage da laimomi. A 1964 wani Ba'amurke mai suna Jack Tiffany ya tashi a cikin rijiyar gwaji ta sansanin sojan sama na Wright-Patterson da ke jihar Ohayo, kuma shi ake lissafawa a matsayin mutum na farko da ya yi haka. A ƙarshen shekarun 1970 wani ɗan Kanada, Jean St-Germain, ya gina wadda aka yi musamman domin mutane su yi wasa a kusa da Mantiriyal, da farfelar jirgin DC-3. Daga ƙirarsa aka buɗe wata rijiyar mai suna Flyaway a Las Vegas ta Amurka a 1982. Irin ta fili da za ka shiga kuwa, wadda ta fito da ita idon duniya ita ce bikin rufe gasar Olamfik ta hunturu a Turin ta Italiya a watan Fabrairun 2006, inda aka ga mutane suna shawagi a tsakiyar filin wasa babu igiya babu bango. Kamfanin Aerodium na ƙasar Latbiya, mai wuri a garin Sigulda, shi ne ya yi wannan aikin. A ɗaya ɓangaren, tun da aka buɗe rijiyar SkyVenture a Orlando ta Amurka a 1998, masu rufaffen ɗaki suka yi ta yawaita, kuma su ne yanzu suka fi yawa, irin na kamfanin iFLY.

Bambancin su biyun shi ne amsar tambayarka ta biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe. A ta rufe, iska ta cika ɗakin daga bango zuwa bango. Duk inda ka zame akwai iska a ƙarƙashinka, iyaka ka taɓa gilashi ka turo kanka. A ta fili, iskar kamar ginshiƙi take a tsaye a tsakiyar sarari, kuma ginshiƙin yana da baki. Daga bakin nan zuwa waje babu abin da zai riƙe ka. Bugu da ƙari, yayin da iskar ke hawa sama tana cuɗanya da iskar da ke kewaye da ita wadda ba ta motsi, sai tsakiyar mai ƙarfi ta riƙa tsukewa. A kusa da raga wurin tashi yana da faɗi, can sama kuwa ya ragu. Idan rabin jikinka ya fita daga ginshiƙin, ɓangaren da ke ciki yana samun turi, na waje ba ya samu, sai ka kife gefe ka faɗo. Eh, hakan yana faruwa, kuma ga sabon shiga ba abin mamaki ba ne. Shi ya sa aka kewaye wurin da katifu masu kauri ko na hurawa, wasu wuraren har da raga a tsaye, kuma shi ya sa ba a barin sabon shiga ya wuce mita ɗaya zuwa biyu daga raga, mai koyarwa yana tsaye kusa yana riƙe da rigarsa.

Abu guda nake so ka haddace kafin ranar, kuma ya shafe ka fiye da kowa: idan ka ji ka fita daga iska, ka dunƙule. Haɓa a ƙirji, hannuwa a jiki, gwiwoyi sun taho ciki, ka bar katifa ta karɓe ka ka mirgina. Kada ka miƙa hannu don ka tare faɗuwa. Miƙa hannun nan ɗabi'a ce ta kowane ɗan Adam, kuma ita ce take jawo targaɗen wuyan hannu da gocewar kafaɗa. Wurin da ya san aikinsa zai sa ka gwada wannan dunƙulewar a kan katifa tun injin bai tashi ba. In ba su sa ka ba, ka roƙa.

Duk da haka ni ta fili ta fi kwanta mini a rai, kuma ba zan ɓoye ba. Babu gilashi tsakaninka da sararin samaniya, kana ganin bishiyoyi da gajimare, mutanenka suna tsaye kana kallon fuskokinsu. Kuma bakin ginshiƙin nan malami ne: yana tilasta maka ka koyi tsayawa wuri guda tun daga farko, domin babu bangon da za ka jingina da shi. Amma ga wanda yake son ya koyi wasan sosai, ya kai ga tashi a zaune ko kai ƙasa ƙafa sama, ta rufe ce wurinsa. Iskarta ta fi santsi, kuma wasu suna kusantar kilomita 300 a awa, gudun da irin waɗannan salon ke buƙata. A irinta ake gasar duniya. An yi gasar zakarun duniya ta farko a Farag, babban birnin Jamhuriyar Cek, a 2015.

Game da tsoron bisa, kwantar da hankalinka. Abin da yake tayar wa mutum da hankali a bisa shi ne leƙa ƙasa daga bakin wani abu mai tsawo, da kuma faɗuwar gaban nan da kake ji idan lilo ya sake ka. Duka biyun babu su a nan. Ba daga sama za ka faɗo ba, daga ƙasa iska za ta ɗaga ka, kuma ragar tana nan ƙarƙashinka kusa. Abin da yakan firgita mutane shi ne ƙara da kuma numfashi. Ƙarar tana da yawa ƙwarai, dole ka sa abin toshe kunne a ƙarƙashin hular kwano, kuma ba za ka ji maganar kowa ba. Numfashi kuwa, iska tana bugun fuska sai mutum ya ɗauka ba zai iya shaƙa ba, alhali shi ne ya riƙe numfashinsa da kansa. Ɗaga haɓa, rufe baki, shaƙa ta hanci. Wasu kuma sukan tambaye ni: idan wuta ta ɗauke fa? Farfela mai wannan nauyi ba ta tsayawa cak, a hankali take rage gudu, kai ma a hankali za ka sauka kan raga.

Tunda ba a jin magana, da yatsu ake zance. Yawanci yatsu biyu a miƙe na nufin miƙe ƙafafu, yatsu biyu a lanƙwashe na nufin lanƙwasa su, yatsa a ƙarƙashin haɓa na nufin ɗaga kai, babban yatsa da ƙaramin yatsa ana kaɗa su kuma na nufin saki jikinka. Wannan ta ƙarshe ita na fi yi wa mutane, nesa ba kusa ba.

Ga yadda kwanciyar take. Ka tura ƙugunka ƙasa ya zama shi ne mafi kusa da raga, ƙirji da cinyoyi su ɗan ɗago, kai a ɗage, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Ka tuna ƙwarya a kan ruwa: idan gindinta na ƙasa tana zaune lafiya, ko ta karkata za ta dawo. In ka kifa ta kuwa, ba ta da zama. Mutumin da ya tsorata yakan leƙa ƙasa, ya janye ƙugu sama, ya zama kifaffiyar ƙwarya, nan take iska ta fara wasa da shi. Sai ya ƙara sandarewa, ya fara harbe-harbe da ƙafa kamar mai iyo, abin ya ƙara lalacewa. An ce iska na wahalar da mai kayan kara, to a nan sandararren jiki shi ne kayan karan. Na ga masu ɗaga ƙarfe sun sha wuya, na ga yarinya 'yar shekara bakwai ta kwanta lamo tun a gwajin farko tana dariya, domin ita ba ta zo da niyyar kokawa ba. Motsi kaɗan yake isa. Miƙe ƙafa kaɗan, ka yi gaba. Janye su kaɗan, ka yi baya. Sauke kafaɗa ɗaya da kamar faɗin yatsa biyu, ka juya ta wannan gefen. Ƙara lanƙwasa ƙugu, ka sauka. Shimfiɗe jiki, ka hau. Duk abin da za ka yi, yi rabin abin da zuciyarka ta ce, sannan ka jira ka ga amsar iska.

Nauyinka na kilo 92 bai kai iyakar da yawancin wurare ke sawa ba, amma ka tambaya, domin kowane inji da ƙarfinsa. Za su iya ba ka riga mai yalwa fiye da ta siririn mutum. Ba kuskure ba ne: yalwar yadin tana ƙara faɗin da iska za ta kama, sai ta ɗaga ka ba tare da an ƙure injin ba. Ka sa takalmi mai igiya ka ɗaure tam, ka zazzage aljihunka kaf, ka cire zobe da agogo da sarƙa. Kwabo ɗaya da ya kuɓuce cikin iska mai wannan gudu zai iya fasa wa wani fuska. Kada ka cika ciki dab da shiga.

Sai yanayi, wanda masu zuwa ta rufe ba ruwansu da shi. Ta fili tana zuƙar iskar da ke wurin ne yadda take. Idan ana sanyi, sanyin zai ninka a jikinka, yatsu su ƙage, don haka ka nemi safar hannu. Idan ana yayyafi, kowane ɗigo zai soke ka kamar allura, wurare da yawa ma sukan dakata. Iska mai ƙarfi daga gefe tana karkatar da ginshiƙin, shi ma dalilin dakatarwa ne. A rana mai tsananin zafi ko wuri mai tudu sosai iska ba ta da kauri, sai injin ya ƙara himma kafin ya ɗaga mai nauyi. Ka kira su da safen ranar kafin ka kama hanya.

Saura rabin tambayarka ta farko. Na ce iskar ɗaya ce, amma dirowa daga jirgi ba iska kaɗai ba ce. Akwai hawan minti goma sha wani abu kana kallon ƙasa tana ƙanƙancewa, akwai lokacin da ƙofa za ta buɗe sanyi ya shigo, akwai sakannin farko bayan ka fita da iskar take zuwa daga gaba saboda gudun jirgin kafin ta koma daga ƙasa. Akwai duba na'urar auna tsayi a hannu, da sanin lokacin buɗe laima, da abin da za ka yi in ba ta buɗe daidai ba, da tuƙa ta, da sauka. A cikin waɗannan na ƙarshe haɗarin wasan ya fi taruwa, kuma rijiyar iska ba ta koyar da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da take koyarwa shi ne minti ɗayan nan na tsakiya, kuma tana koyar da shi fiye da sama kanta, domin a minti goma sha biyar na rijiya ka tara abin da sai ka yi dira goma sha biyar za ka samu. Shi ya sa sojojin laima da ƙwararrun 'yan wasa suke yawan atisaye a cikinta. Ɗalibin da ya zo mini da minti goma na rijiya a jikinsa, nakan gane shi tun a dirar farko: ba ya juyi kamar katantanwa, hankalinsa yana kan tsayi da laima, ba kan ƙafafunsa ba.

Washegari za ka ji ciwon jiki a ƙasan baya, da wuya, da bayan kafaɗu, irin na wanda ya yi aikin da bai saba ba. Wannan ba komai, kwana biyu ya wuce. Wanda ba a yarda da shi ba shi ne zafi mai suka a cikin kafaɗa, ko jin kamar za ta zame, ko dindiris a hannu. In ka ji ɗaya daga cikinsu kana cikin iska, kada ka daure don kunya ko don kuɗin tikiti. Ku yi yarjejeniya da mai koyarwa tun a ƙasa kan alamar tsayawa, kuma ka nuna masa kafaɗar hagun da hannunka domin ya san ta inda zai riƙe ka da inda ba zai ja ba.

Idan ka je wurin likitan, kada ka ce masa kawai za ka yi wasan motsa jiki. Tsaya a gabansa ka ɗaga hannuwanka yadda na kwatanta, ka ce masa iska mai gudun kusan kilomita 200 a awa za ta riƙa tura su baya na tsawon minti ɗaya a jere, sau biyu. Akwai gwajin da suke yi a daidai wannan matsayi don su ga ko kafaɗar tana barazanar zamewa. In ya ce a'a, yawancin wurare suna yarda a mayar da tikitin kyauta ga wani, sai ka tambaye su. Ka ba wani naka, ka je ka tsaya a bakin katifa ka kalle shi. In ya ce eh, ka nemi ya rubuta maka, ka tafi da takardar.